Rana Mai Tabarau: Nazari a Kan Zanen Husufi a Ɗakunan Karatu na Amurka

Aikin ɗakin karatu da idon jama'a a kullum bai wuce ya miƙa masa abin karantawa ba. To amma a ƙasar Amurka, sau uku cikin shekara bakwai, an ɗora wa ɗakunan karatu nauyin tsare idon da kansa. Ranar 21 ga watan Agusta na 2017 inuwar wata ta ratsa ƙasar daga jihar Oregon zuwa Karolina ta Kudu. Ranar 14 ga Oktoba na 2023 aka yi husufin zobe, wanda ya bi daga Oregon zuwa Teksas. Ranar 8 ga Afrilu na 2024 kuma cikakken husufi ya taso daga Meziko, ya shiga Teksas, ya fita ta jihar Maine da gabashin Kanada. A kowane karo, wurin da marar hali ya nufa neman tabarau na kallon rana kyauta shi ne ɗakin karatu na unguwarsu. A 2017 wani shiri mai suna STAR Net, na cibiyar Space Science Institute da ke garin Boulder a jihar Kolorado, ya raba tabarau fiye da miliyan 2 ga ɗakunan karatu kimanin 7,000, da tallafin gidauniyar Gordon da Betty Moore. Da aka zo shirin 2023 da 2024 sai aka ɗaga buri zuwa tabarau miliyan 5 da ɗakunan karatu 10,000.

Kaya mai yawa haka ba ya fita tsirara. Yana bukatar suna da tambari, da hotunan mannawa a bango, da ƴan takardun rabawa, da zanen da za a buga a jikin tabarau ɗin. Masu shirin na biyu sun zaɓi raha tun daga suna: sun kira shi SEAL, haruffan farko na kalmomin da ke nufin ayyukan husufin rana domin ɗakunan karatu, waɗanda in an haɗa su a Ingilishi suke ba da sunan wata dabbar teku mai santsin jiki da gashin baki, wadda yaran can ke so ƙwarai. Dubban ɗakunan karatu kuma kowane ya ƙara nasa zane gwargwadon hali da basirar ma'aikatansa. Wannan tarin zane-zane, mai kyau da marar kyau, shi ne abin dubawa a nan.

Ya kamata a fara da ba masu raha gaskiyarsu. Husufi abu ne da ke tada hankalin iyaye da hukumomi, kuma mafi sauƙin maganin tsoro shi ne a kulle yara a ɗaki a saki labule, kamar yadda wasu makarantun ƙasar suka yi a 2017. Takardar da aka cika da jan rubutu da alamar haɗari tana ƙara wa wannan tsoro ƙarfi, ta hana yaro ganin abin da wataƙila ba zai sake gani ba sai ya yi furfura. Zane mai fara'a yana cewa a fito, akwai hanyar kallo. Har nan babu gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin fara'ar da aka fi ɗauka. Akwai wani tsohon zane da ya riga ya zauna a idon mutanen Amurka da Turai tun kafin a yi zancen husufi: rana rawaya, zagaye, mai murmushi, sanye da baƙin tabarau irin na ƴan gayu. Ana ganinsa a tallar lemo da man shafawa da hutun bakin teku. Da husufi ya matso, sai wannan zane ya zama abin da hannu ya fi saurin kai wa, domin yana da rana, yana da tabarau, yana kuma sa murmushi. Alhali kuwa saƙo na farko da kowane jagoran husufi ke nanatawa shi ne cewa tabarau na yau da kullum, komai baƙinsa, ba ya tsare ido daga rana. Na husufi ya fi shi duhu sau dubbai. Wanda ya sa shi a cikin ɗaki ba ya ganin ko tafin hannunsa. Ke nan takarda ɗaya tana iya ɗaukar magana biyu masu karo da juna: rubutun ƙasa yana hani, hoton sama yana kira. Yaro ɗan shekara shida da bai iya karatu ba hoton kaɗai ya karanta. Babban da ke sauri ma haka.

Abin da ya sa wannan ya wuce zancen ado shi ne yadda rana ke ɓata ido. Tantanin gani da ke can ƙuryar ƙwayar ido ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka yana ƙonewa mai shi bai sani ba, sai bayan sa'o'i ya tarar da wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Bayan husufin 2017 likitocin ido a birnin New York sun buga labarin wata matashiya a mujallar JAMA Ophthalmology. Ta zo da kukan tana ganin wani baƙin abu a idonta, aka ce ta zana shi a takarda, ta zana siffa kamar lauje. Da aka ɗauki hoton cikin idon da na'ura, sai aka ga ƙunar tana da wannan siffa, wato siffar ranar da ta kalla lokacin da wata ya ci gefenta. Duk cikin zane-zanen husufin shekarar, da wuya a sami wanda ya kai wannan faɗin gaskiya, kuma ba a bangon ɗakin karatu aka manna shi ba.

Akwai kuma wani kuskure na hankali a cikin rana mai tabarau wanda ba a cika lura da shi ba. An sa kariyar a fuskar da ba ta bukatarta. Rana ba ta kallon kowa. Ita ake kallo. Zanen da ya san aikinsa yana ɗora tabarau a fuskar yaro ko ta wata dabba da yaro zai ɗauka a matsayin kansa, yana kuma fito da siffarsa ta ainihi: kwali ne mai kusurwoyi, da ƴan tagogi biyu ƙanana baƙaƙe, abin da ba wanda zai rikita da na gayu. Ta wannan fuska dabbar teku ta fi rana dacewa da zama jarumar labari, tun da ita tana ƙasa tare da mai kallo, kanta a ɗage. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ga jarumi yana yi. Manya ma ba su tsira ba: ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo a duniya ranar husufin 2017 shi ne na shugaba Donald Trump a barandar fadar White House, ya ɗaga kai ya kanne ido yana duban rana ba tabarau, kafin daga baya ya sa.

Zane na biyu da ya mamaye ko'ina ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, shi ya sa ma ya fi wuyar suka. Shi ne baƙin faifai da farin haske ya kewaye shi kamar rawani, wato siffar cikakken husufi. A nan ne aka ga gwanintar Tyler Nordgren, masanin taurari kuma mai zane, wanda ya yi jerin hotunan bango na husufin 2017 bisa salon waɗanda gwamnatin Amurka ta sa aka yi wa gandayen shaƙatawarta a ƙarshen shekarun 1930: launuka kaɗan, shimfiɗaɗɗu, duwatsu da itatuwa a inuwa, mutane ƙanana a ƙasa suna duban sama. Aiki ne mai natsuwa, kuma ya yi abin da aka yi shi dominsa, wato ya sa mutum ya ɗaura niyyar tafiya inda inuwar za ta bi. Sai dai hoton tafiya daban, hoton unguwa daban. Zirin da cikakken husufi ya bi a 2017 faɗinsa bai wuce kilomita 110 da ƴan kai ba, mazaunansa kimanin miliyan 12. Na 2024 ya kai wajen kilomita 185, mazaunansa sun haura miliyan 31. A ƙasa mai mutane fiye da miliyan 300, wannan yana nufin akasarin ɗakunan karatun da suka raba tabarau suna wajen zirin. Wanda ya manna baƙin faifai mai rawani a ƙofar irin wannan ɗaki ya yi wa jama'arsa alkawarin abin da ba za su gani ba. Abin da za su gani shi ne rana da aka gutsure, ta koma kamar jinjirin wata, gari ya ɗan dusashe, shi ke nan.

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin a kansa dokar cire tabarau ta rataya. A cikin zirin, a ƴan mintocin da wata ya rufe rana ruf, ana cire tabarau a kalli rawanin da ido tsirara, in ba haka ba ma ba za a ga komai ba. Mafi tsawon wannan lokaci a 2017 minti 2 ne da sakan 40. A 2024 minti 4 da sakan 28, a arewacin Meziko. A wajen zirin kuwa babu irin wannan lokaci ko na ƙiftawar ido. Ko da wata ya rufe kashi 99 cikin 100 na fuskar rana, kashi ɗayan da ya rage ya fi hasken wata ɗan daren sha huɗu sau dubbai. Mai zane da ya fahimci haka zai gane cewa tambari ɗaya ba ya isar ƙasa duka. Garin da ke cikin ziri yana bukatar hoto mai matakai uku, a sa, a cire, a mayar. Garin da ke waje yana bukatar hoton da tabarau ba ya barin fuska daga farko har ƙarshe.

Shirin 2023 da 2024 ya gamu da wannan matsala ninki biyu, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Husufi biyu ne, tsakaninsu ƙasa da wata shida, ana koyar da su a ƙarƙashin suna ɗaya, da tabarau iri ɗaya. Na Oktoba na zobe ne: wata yana nesa da duniya a lokacin, bai kai girman da zai rufe rana ba, sai ya bar da'irar wuta a gefe, don haka ko a tsakiyar zirin ba a cire tabarau. Na Afrilu cikakke ne. A takarda kuwa, da'irar wuta kewaye da baƙin faifai da farin rawani kewaye da baƙin faifai ƴan uwan juna ne, musamman idan mai zane ya sauƙaƙa su don su yi kyau a tambari. Masana taurari biyu, Andrew Fraknoi da Dennis Schatz, waɗanda suka rubuta wa ma'aikatan ɗakunan karatu littafin jagora, sun rarrabe biyun a rubuce dalla-dalla. Rarrabewa a hoto aiki ne na launi da siffa: zoben ya zama mai kauri, ja-ja, mai kaifin baki, sararin bayansa da sauran haske; rawanin ya zama fari, mai bazuwa kamar gashi, sararin bayansa duhu. Wanda ya yi wa rawani fentin rawaya don ya fi fara'a ya share iyakar da ke tsakanin lokacin da ake kallo da lokacin da ake makancewa.

Wani wurin da raha ke yawan yin ɓarna a ɓoye shi ne fuskar wata. Ana son a ba shi ido da baki, ya zo yana leƙen rana ko yana rungumarta, don haka sai a zana shi da haske, wani lokaci ma a siffar jinjiri. Mai lissafin kwanan wata ya san wannan ba ya yiwuwa. Husufin rana ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata, a kwanakin duhu kafin tsayuwar sabo, lokacin da gefen wata mai haske ke fuskantar rana, ya juyo wa duniya da baƙin bayansa. Haka nan taswirar da aka saba gani a littattafan makaranta, inda rana da wata da duniya ke jere kamar ƙwallaye uku a kan tebur, tana sa yaro ya yi tambayar da ta dace: me ya hana a yi husufi kowane wata? Amsar tana cikin nisa da karkata, abubuwa biyun da taswirar ta haɗiye. Hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5 daga ta duniya, kuma tazararsa ta kai faɗin duniya sau 30. Wani wasa da ake yi a irin waɗannan tarurruka ya fi kowace taswira bayyana wannan. Ana kafa ƙwallo mai faɗin santimita 2 da rabi a bakin sanda, shi ne duniya, a kafa ɗan dutsen ado da bai wuce rubu'insa ba a tazarar santimita 75, shi ne wata, a fita rana a ce wa yaro ya jefa inuwar ƙaramin a kan babban. Zai yi ta kuskurewa, inuwar tana wucewa ta sama ko ta ƙasa, yana dariya, kuma a cikin kuskuren ne amsar tambayarsa take. A wannan ma'auni ita rana faɗinta zai kusa mita 3, tana can wajen mita 300.

Mafi kyawun zanen husufi na waɗannan shekaru, a wannan ma'auni na wasa mai koyarwa, daga gidan waya ya fito. A watan Yuni na 2017 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki, wato tambur, wanda Antonio Alcalá ya tsara, da tawada mai sauya kama idan ta ji ɗumi, karo na farko da hukumar ta yi amfani da irinta. A ido, baƙin faifai ne da rawaninsa. Idan aka ɗora yatsa a kan baƙin, sai ya washe, fuskar wata ta bayyana. Idan ya huce ya koma baƙi. Babu kalma ko ɗaya ta bayani, amma wanda ya taɓa ya gane abin da mutane da yawa ba su gane ba, cewa baƙin nan ba rami ba ne a jikin rana, wata ne ya gitta. Hoton husufin da ke kan tambur ɗin Fred Espenak ne ya ɗauke shi a Jalu ta ƙasar Libiya, ranar 29 ga Maris na 2006. Inuwar da ya ɗauka ita ce wadda a safiyar ranar ta bi ta Gana da Togo da Benin da arewacin Najeriya, ta shigo Nijar ta ƙasashen Maraɗi da Damagaram, ta haura Tenere kafin ta isa gare shi.

A ɗakunan karatun kansu, dabarun da suka fi burgewa ba daga ofishin masu zane suka fito ba. Tabarau na kwali girman fuskar babba aka yanka shi, yana zamewa daga hancin yaro, haske yana shiga ta gefe. Sai aka koma ga farantin takarda irin na cin abinci: a huda shi, a cusa tabarau a tsakiya, a ba yaro alli mai launi ya mai da shi fuskar zaki ko fure. Adon a nan shi ne kariyar, domin farantin ya rufe fuskar duka. Haka kuma gwagwa, ko duk wani kwano mai huje-huje, idan aka riƙe shi a rana lokacin husufi, kowane huji yana jefa ɗan lauje na haske a ƙasa, kamar yadda ganyen itace ke yi a ƙarƙashin inuwa. Mai yin wannan ya juya wa rana baya, idonsa a ƙasa. Ga makafi kuma, hukumar NASA ta buga littafin husufi na shafawa da yatsa a 2017, wasu masana a jami'ar Harvard suka ƙera wata ƴar na'ura mai suna LightSound da ke mai da ƙarfin haske sauti, yana sauka yayin da gari ke duhu.

Shi kansa tabarau ɗin abin nazari ne, domin yana da wani hali na ban mamaki: wanda ya sa shi ba ya ganin zanen da ke jikinsa. Duk launi da tambarin da aka buga a waje na masu kallonsa ne da masu ɗaukar hoto. Ƙa'idojin amfani kuwa, waɗanda mai shi ke bukata, galibi suna ciki da ƙananan haruffa, tare da lambar ma'aunin ISO 12312-2 da ke shaidar inganci. A 2017 an gano cewa masu jabu suna buga wannan lamba yadda suka ga dama, har kamfanin Amazon ya mayar wa wasu masu saye kuɗinsu, ƙungiyar masana taurari ta Amurka kuma ta fitar da jerin amintattun masu sayarwa. Daga nan tambarin ɗakin karatu ya sami wani nauyi da mai zanensa bai yi tsammani ba: ya zama shaidar cewa wannan kwali ya fito daga hannun da za a iya komawa a tuhuma.

Sannan ba kowa ne ke ɗaukar husufi a matsayin biki ba, ko a cikin Amurka. Husufin zobe na 2023 ya bi ta kan ƙasar ƙabilar Navajo, waɗanda a al'adarsu lokaci ne mai alfarma: ana zama a ɗaki cikin natsuwa, ba ci, ba sha, ba barci, ba a kuma ɗaga kai a duba. Hukumar ƙabilar ta rufe wuraren yawon buɗe idonta, har da Monument Valley, a lokacin husufin. Rana mai gwalo da wata mai kanne ido ba su da mazauni a bangon ɗakin karatun da ke hidima ga irin wannan al'umma, kamar yadda za su zo a karkace a garin da jama'a ke nufar masallaci don sallar husufi. Tambarin da aka tsara daga nesa domin ƙasa duka ba ya jin wannan. Ma'aikacin da ke zaune cikin mutanen shi ke ji.

Bayan husufi, ƙungiyar Astronomers Without Borders ta riƙa tattara tabarau da aka gama da su, a tantance masu lafiya, a aika wa wasu ƙasashe inda husufi ke tafe. Niyya ce mai kyau, amma tana fito da wani gefen aikin zane da ba a yi lissafinsa ba. Kwalin da ya isa hannun yaro a wata nahiya yana ɗauke da kwanan watan da ya wuce, da taswirar ƙasar da ba tasa ba, da gargaɗi cikin harshen da ba ya ji, da wasan kalmar da ba ya ba shi dariya. Abin da kaɗai zai ƙetare teku da ma'anarsa shi ne hoto, in an yi shi daidai. Ranar 2 ga Agusta na 2027 cikakken husufi zai bi ta kudancin Sifen, da Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya, da Libiya, da Masar, inda zai haura minti 6 kusa da Luksor, ya ƙetare zuwa Jidda da Makka. Nijar tana wajen zirin. Daga Yamai zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, rana gutsurarriya za a gani, irin wadda ba a cire mata tabarau.